Farar da ka ce in aiko maka

Zuwa ga aminina Malam Lawali,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya da yara da sauran ƴan uwa na zangon Kumasi. Mu nan Damagaram sai godiya. Hunturu ya shigo da ƙarfinsa, ƙura har cikin tuwo, amma fara ta yi arha a kasuwar Dole, kuma ban manta da tiya biyun da ka ce in aiko maka ba. Jinkirin yana da dalili.

Mako uku ke nan, autarmu Nana ta ci soyayyar fara bayan la'asar, irin wadda ake barbaɗa wa yaji a ƙulla a leda. Kafin a kira magariba leɓenta na sama ya kumbura suntum, wuya da ciki duk sun yi rudu-rudu, tana susa tana kuka. Uwarta ta ce borin jini ne, zai sauka da kansa. Ni kuwa da na ji numfashinta ya fara ƙara kamar usur, na saɓa ta a babur sai asibiti. Allura aka yi mata, kafin isha'i ta samu kanta, alhamdu lillahi. Likitan ya ce alerji ne, amma ba su da gwajin jinin da zai nuna takamaiman abin da jikinta ya ƙi. A dai hana ta fara.

Ka san halina tun muna jami'a a Yamai, tambaya ba ta kwana a cikina. Tunda kimiyyar halittu nake koyarwa a lise, sai na ba kwamfuta dare biyu, a tsakanin ɗaukewar wuta.

Ka ɗauki furotin kamar carbi mai tsawo wanda duwatsunsa iri 20 ne, su ne amino asid, kowanne da harafinsa. A jinin mai alerji akwai wasu ƴan tsaro da ake kira IgE, sun haddace kamannin wani carbi guda, da sun gan shi sai su ta da bori. Matsalarsu ba sa bambancewa sosai, in wani ya yi kama da wanda suka sani, shi ma sai su far masa. A nan kwamfuta ke shigowa: ka ba ta jerin haruffan, ta gwada da na furotin ɗin da aka riga aka tabbatar suna ta da alerji. A 2001 masana na FAO da WHO, hukumomin abinci da lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya, suka sa ma'auni don tantance sabon irin da aka sauya wa ƙwayar halitta, cewa in a cikin amino asid 80 a jere an samu dacewar da ta haura kashi 35 cikin ɗari, to a yi zargi, a zurfafa bincike. Hukumar Codex, mai tsara ƙa'idojin abinci na duniya, ta ɗauki ma'aunin a 2003. Ba banza aka fara tsoron ba. An taɓa sa wa waken suya ƙwayar halittar wani ɗan itacen Barazil don a ƙara masa amfani, sai binciken da aka wallafa a 1996 ya nuna alerjin ɗan itacen ya biyo furotin ɗin zuwa cikin waken. Aka watsar da aikin tun bai kai kasuwa ba.

Na shiga UniProt, rumbun bayanan furotin a intanet, na kwafo haruffan wani furotin na tsokar fara mai suna tirofomayosin, na liƙa a AllergenOnline, rumbun furotin masu ta da alerji, wanda jami'ar Nebaraska ta Amurka ke riƙe da shi tun 2005. Ban gama kurɓar shayina ba amsa ta fito: jatan lande, kyankyaso, da ƙwaron ƙurar ɗaki da ido ba ya gani, duk sun zarce 35 nesa ba kusa ba. Wallahi har na miƙe tsaye, na ce na kama ɓarawo.

Sai shegantaka ta sa na liƙa irin wannan furotin na kaza. Shi ma ya haye 35! Kazar da Nana ke gwaguyar ƙashinta kowace salla ba ko ƙaiƙayi. Nan jikina ya yi sanyi. Ashe ma'aunin da gangan aka yi shi da faɗi, gara ya kama marar laifi goma da mai laifi ɗaya ya tsere. Shi ya sa masu tantance sabon iri ba sa tsayawa a kansa, sai sun jiƙa furotin ɗin a ruwa irin na tumbi su ga ko yana narkewa da wuri, in da hali kuma su gwada shi da jinin masu alerjin.

Akwai sababbin manhajoji da suka fi wayo. AllerTOP ta Bulgeriya da AlgPred ta Indiya koya musu aka yi da dubban misalai har suke hasashe da kansu, AllerCatPro ta Singafo kuma har yadda carbin ya naɗe take dubawa, tunda ƴan tsaron siffa suke ganewa. Amma duk abin da aka zuba a rumbu suka sani, kuma yawancinsa daga majinyatan Turai da Amurka da Asiya aka samo. Gyaɗa an bi ta dalla-dalla, furotin ɗinta har suna gare su, Ara h 1, Ara h 2, har fiye da goma. To wa ya ɗebi jinin yaran Mirya ko Matameye ya ga abin da jikinsu ke ƙi a kuka, ko gurjiya, ko kalwa? Abin da ya fi ci mini rai ke nan, in manhajar ta ce ba ta ga komai ba, mai yiwuwa ba a taɓa nuna mata ba ne.

Kuma ledar Nana ba fara kaɗai ke ciki ba. Akwai man suya, akwai ƙulin yaji, ga kuma maganin feshi da wataƙila ya taɓa farar tun a gona. Gyaɗa dai na wanke ta, don kullum yarinyar cikin ƙuli-ƙuli take. Zargina yana kan farar, kuma ina jin kyankyasan bayan gida ne suka fara koya wa jininta wannan ƙiyayya, amma zato ne.

Yanzu ga inda maganar ta shafe ka. Ka taɓa gaya mini Hajiya fuskarta na kumbura in ta ci shito, yajin nan naku na Gana mai jatan lande. Da Tarayyar Turai ta halatta sayar da fara a 2021, sai da ta wajabta a rubuta a jikin kwalin cewa mai alerjin jatan lande ko ƙwaron ƙura zai iya kamuwa. Saboda haka farar tana tafe, zan ba direban da ke kai albasa can, amma don Allah kada ta ɗanɗana ko ɗaya, kuma kada a sake mata girki da man da aka soya ta. In ta ce rowa ce, ka ce ni na faɗa, mu yi faɗan in kun zo.

Nana tana gaishe ka, ta ce a tuna maka alkawarin cakulan. Ka gaida Hajiya da yara.

Naka,
Mamman Sani
Unguwar Birni, Damagaram