Man Ƙananan Jiragen Shaƙatawa a Turai

Ranka ya daɗe Edita,

EASA, hukumar kula da lafiyar sufurin jiragen sama ta Tarayyar Turai, ta sassauta wa masu tuƙa ƙananan jirage don nishaɗi. Lasisin LAPL, wato na tuƙa ƙananan jirage marasa nauyi, awa 30 na horo yake buƙata, na PPL kuwa, wato na matuƙi mai zaman kansa, 45, sai dai ga mai LAPL kada jirgin ya wuce kilo 2,000, fasinja uku kacal.

A ganina, inda gizo ke saƙa shi ne mai. Man 100LL, wanda ƙananan jirage suka saba amfani da shi, na ɗauke da dalma, Tarayyar Turai kuma ta matsa mata lamba. Man UL91 marar dalma bai dace da injina masu matsi sosai ba: yakan fashe barkatai cikin silinda, zafi ya ƙone fistan. Canjin inji kuwa sai mai hannu da shuni. Mai jirgi ya duba takardar amincewar kamfanin injinsa kafin ya zuba.

Wassalam,
Mai karatu