Saƙo daga Jizan kan maganar lambun ayaba da gwanda

Assalamu alaikum Yaya,

Ina fata kun wuni lafiya, ya gida ya yara, ya ƙarfin jikin Baba. Ka gaishe min da Inna sosai, ka ce mata man zafin da ta ce in nemo na samu, yana cikin kayan da zan ba wani ɗan garinmu da zai taho. Ni ma lafiya lau alhamdulillahi, sai dai zafi, shi kam a nan Jizan ta Saudiyya ba a magana, ga gumi saboda muna kusa da teku, riga ko ka sauya sau uku a jiƙe take.

Na zaɓi in rubuta ne maimakon kira saboda duk sanda muka yi waya netwok ke cinye rabin maganar, kuma wannan magana ce da nake so ka karanta wa Baba a natse, in ya so ka maimaita masa inda bai ji ba. Maganar gonar nan ce ta bakin fadama, eka biyun da ake zuba tumatir da rani. Yaya ka fi ni sanin abin da muke gani a tumatir, shekarar da ya yi kyau kowa nasa ya yi kyau, a kai Kwanar Gafan a rasa mai tayawa, wani lokacin kuɗin kwando da na mota ma ba sa fita, shekarar da yake tsada kuma tsutsar sharon ta riga ta cinye. Ni dai na gaji da jin wannan labarin duk shekara, kuma shekara huɗu kenan ina aiki a gonar ayaba da gwanda da mangwaro a nan, da hannuna nake haƙa ramin, da kafaɗata nake ɗauko ayabar, to ina ganin lokaci ya yi da abin da na koya zai amfani gida, wato mu yi lambun ayaba da gwanda a gonar.

Amma kafin komai, don Allah kar a sayi iri ko ƙwara ɗaya sai an gama maganar ruwa. Wannan ita ce gaba ɗaya wasiƙar, sauran duk bayani ne. Ayaba ba tumatir ba ce da za a yi wata uku a tashi, kusan shekara take yi kafin a sare ta, wani lokacin ta ɗara, kuma a duk tsawon nan ba ta yafe ƙishirwa. Na san za ka ce ai ga ruwan Tiga yana zuwa ta kanal. Haka ne, amma ka tuna lokutan da ake rufe ruwan don gyara ko yashe, kuma mu muna can ƙarshen layi, sai na gaba sun ƙoshi. Mai shinkafa zai iya ɗaga shuka ya jira, mai ayabar da ta fara fitar da kai a watan Afrilu in aka yi sati biyu ba ruwa to shekararsa ta tafi. Shi ya sa kuɗin farko da zan turo na bohol ne da sola da tanki, ba na iri ba, ba na taki ba. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 ai ka ga yadda injin fetur ya zama, ba zan iya ciyar da shi wata takwas na rani ba. In an haƙa a gwada shi a tsakiyar bazara, a kunna tun safe har la'asar kwana uku a jere a ga ko ruwan zai ja baya, kar a gwada da kaka lokacin da ƙasa ke cike da ruwa a ce mana ya yi. Ka ɗauko min bidiyo.

A nan da ɗigo muke ba su ruwa, siririn tiyo ne baƙi yake bin layin bishiyoyin yana ɗiga a gindin kowacce, ba a malala ruwa a fili. Akwai wani ɗan Indiya da muke ɗaki ɗaya, ɗan wajen Jalgaon ne, ya nuna min gonakin garinsu a waya, wuri ne mai zafi da bushewa kamar namu amma ayabarsu ta cika Indiya, kuma da wannan ɗigon suke yi. Shi ya fara sa min abin a rai. Sai dai kar in ruɗe ka, akwai abin da muke da shi da babu a Jizan, wato hunturu. Nan sanyi ba ya sauka irin namu. Ayaba in sanyin dare ya yi yawa tsayawa take yi cak ba ta girma, iskar kuma ta tsattsaga ganyen ya zama kamar tsumma, saboda haka tamu za ta fi ta nan jinkiri, mu sa wannan a lissafi. Ta gabas da arewa inda iskar ke shigowa a yi shinge tun yanzu, darbejiya a can nesa kaɗan don kar saiwarta da inuwarta su shiga lambun, daga ciki a jera zogale, shi yana saurin tashi kuma Inna ta samu na kwaɗo. Kafin su girma ko zana ce a kafa. Danga kuma dole, ka san awakin unguwarmu.

Ba duka eka biyun za mu shiga ba. Rabin eka ayaba, rabin eka gwanda, ɗaya ekar a bar wa Baba ya ci gaba da abin da ya saba, kar mu taɓa abincin gida a kan abin da ba mu gwada ba. In aka ba da tazarar mita 2 tsakanin kowane rami da ɗan'uwansa, eka ɗaya na cin wajen 1000, kenan 500 ayaba 500 gwanda, ya ishe mu koyo. Kuma kar a haɗa su a fili ɗaya, na ga wasu suna cewa a cusa gwanda tsakanin ayaba, ni ban yarda ba, shan ruwansu ba ɗaya ba ne. Gwanda a kai ta can sama wajen jigawa inda ruwa ba ya kwanciya, a ɗaga mata kunya sosai, ayaba ta sauko ƙasa.

Wannan maganar ta gwanda da idona na gani. Shekarar da ta wuce wani fayif ya fashe da daddare ranar Alhamis a ƙarshen gonar, Juma'a ba kowa, sai Asabar da safe muka tarar da ruwa kwance a gindin layi biyu. Bishiyoyi ne da suka fi ni tsawo, kowacce ta yi goyo tun daga ƙirji har wuya. Muka janye ruwan muna cewa an tsira. Bayan kwana uku ganyen ƙasa ya fara rawaya yana langaɓewa, kafin sati sun sunkuya, da na tura guda da hannu ɗaya sai ta faɗi, saiwar ta yi laushi tana wari kamar rogon da aka jiƙa. Wallahi ranar ban iya cin abincin rana ba duk da ba gonata ba ce. To ka tuna ruwan Agusta na wajenmu, in ba a fitar da magudana ba haka za ta faru da mu.

Irin gwanda kuma kar a ɗebo daga wadda aka sha a gida. Ita gwanda akwai namiji akwai mace akwai mai haɗe da duka biyun, irin gida in ka shuka sai ka yi wata huɗu kana ba da ruwa da taki sannan fure ya fito ka ga kusan rabi maza ne, ba za su haifi komai ba. Akwai iri da ake kira Red Lady, na wani kamfani ne a Taiwan, shi duk bishiyar da ta tashi tana haihuwa, ba ta tsawo sosai, cikinta ja ne ga zaƙi kuma tana jure tafiya a mota. Yana da tsada kuma akwai jabu, a saya a rufe cikin fakitinsa wajen dila da aka sani, kuma ba a ajiye 'ya'yansa a sake shukawa. A rene shi a leda wata ɗaya da rabi zuwa biyu, a dasa farkon damina, wajen wata takwas zuwa tara a fara tsinka. Ka lissafa ka gani, zai kai mu wajen Fabrairu zuwa Maris, kuma azumi a 'yan shekarun nan nan yake faɗowa, lokacin da kowane gida ke neman kayan marmari na buɗa baki. Ko da hunturu ya ja mu baya muka rasa farkon azumin, zafin bazara na nan, gwanda ba ta kwantai. Abu ɗaya, kar a shuka kankana ko kokwamba ko kabewa kusa da ita, darɓa na ɗauko cuta daga jikinsu ta sa mata, ganyen ya murtuke ya yi dabbare-dabbare, kuma ba ta da magani sai tugewa. Bayan shekara biyu zuwa uku bishiyar ta yi tsawo haihuwa ta ragu, sarewa ake yi a sake sabuwa, ka faɗa wa Baba wannan tun yanzu don na san shi da tausayin bishiya.

Ayaba kuwa Auta ya ce in ɗauko 'ya'yanta daga nan in zan zo. A'a, ba zan yi ba, haka ake kwaso cutar da ke zama a ƙasa shekara da shekaru, kuma ko a filin jirgi ba za a bari ba. Ka je Bagauda, akwai reshen cibiyar binciken kayan lambu ta NIHORT a wurin, ka tambaye su irin da ya dace da mu da inda ake samun mai tsabta, ka tafi da ƙasar gonar a leda daga wuri huɗu ko biyar, in su ba sa gwaji a kai sashen noma na jami'ar Bayero. In kuma a lambun wani za a ciro, a zaɓi ɗan da ganyensa siriri ne kamar takobi mai kaurin gindi, mai faffaɗan ganye tun yana ƙarami rago ne. A fere gindin tas a cire saiwa da duk inda ya yi baƙi, a tsoma a tafasasshen ruwa daƙiƙa 30 kawai a cire, yana kashe tsutsar da ke ciki. Rami ƙafa biyu, a cika da ƙasar sama da ruɓaɓɓen kashin shanu ko na kaji, ɗanye ƙona ta zai yi. Tokar murhu kar a zubar, ayaba na sonta. Ga buntun shinkafa da bambaro a Kura kamar a roƙe ka ka kwasa, a shimfiɗa a gindi ya riƙe laima, sai dai a riƙa duba gara. Kowane gindi uku ake bari, uwa da 'ya da jika, sauran a cire ko a sayar wa masu so, shi ma kuɗi ne. In ta yi kai a tokare ta da gwafa.

Kasuwa ma ina so ka fara shiga tun kafin a dasa. Ka je 'Yan Lemo ka zauna da dillalai ko sau uku, ka ga motocin da ke sauke ayaba daga kudu, ka ga nawa ke zuwa a dame bayan kwana biyu a hanya, ka tambayi wata nawa ne take yanke musu da yadda suke cire kamasho. Mu tsakaninmu da su bai fi tafiyar awa ɗaya ba, wannan ita ce ribarmu. Ka kuma zaga masu teburin kayan marmari da masu haɗa jus a cikin gari, su kullum suke saye. Kuma ba ruwanmu da sinadarin kabad wajen nunar da ayaba, hukumar kula da abinci da magunguna ta NAFDAC ta sha gargaɗi a kansa, ba zan ci kuɗin da ya cuci cikin wani ba.

Sai magana ta ƙarshe mai nauyi, ka yi haƙuri Yaya in ta yi ɗaci. Kuɗin da na turo aka sayi keke napep shekara biyu da suka wuce, har yau ba wanda zai iya ce min ga abin da ya shigo ga abin da ya fita, ban zargi kowa ba, rashin rubutu ne. Wannan karon a sayi littafi, Auta ya riƙe, ko buhun taki ɗaya aka saya a rubuta, duk Juma'a ya ɗauki hoton shafin ya turo min a WhatsApp. Rabon kuma a yanka shi tun yanzu, na Baba mai ƙasa, naka mai tsayuwa a kai, nawa mai kuɗi, da abin da za a riƙa ba Auta, a zauna gaban Kawu a rubuta kowa ya sa hannu, saboda ƙasar nan akwai haƙƙin 'yan'uwanmu mata a cikinta wata rana, gara komai ya zama a fili. Kwantiragina saura wata goma sha huɗu, kuma gaskiya ba na son sabuntawa, yarinyata ta fara tafiya ban gani ba sai a waya.

In Baba ya amince ka nemo masu haƙa biyu ko uku su ba da farashi a rubuce, har da zurfin da suke tsammani, ka turo min kafin ƙarshen wata lokacin albashi ya shigo. In kuma yana da wani tunani daban a kan gonar ka faɗa min yadda ya faɗa, kar ka rage komai.

A gaida Gwaggo da su Kawu, a gaida maman yara. Inna ta sa ni a addu'a.

Ƙaninka,
daga Jizan