Rahoton ayyukan ƙungiya na shekarar karatu ta 2024-2025, Garwa, Kamaru

Assalamu alaikum iyayenmu, malamai da sauran membobi. Ga bayanin abin da aka yi bana da kuɗin da kuke bayarwa duk wata.

Babban aikin dai shi ne koya wa yaran SIL da CP, wato aji ɗaya da aji biyu na firamare, karatu ta hanyar jera labari cikin hoto. Kun san halin da ake ciki, yaro ya tashi da Hausa a gida, Fulatanci a unguwa, ranar farko a lekol, wato makarantar boko, a tare shi da Faransanci, sai ya yi ta haddace abin da ke kan allo bai san me yake faɗa ba. Rahoton da Bankin Duniya ya fitar a 2022 ya nuna kusan yara 9 cikin 10 'yan shekara goma a Afirka kudu da Sahara ba sa iya karanta ɗan gajeren rubutu su gane, mu kam muna ganin wannan a gidajenmu.

Yadda ake yi, malam zai raba takarda gida shida, yara su zana labari, misali yarinya ta ɗauki farantin ƙosai za ta kasuwa, akuya ta ture shi, ta zauna tana kuka, wata baba ta zo ta rarrashe ta. Sai a yanka gidajen da almakashi a cakuɗa, su sake jerawa suna gardama wanne ne farko wanne ne ƙarshe, kowa ya faɗi labarin da harshen da ya iya tukuna, bayan nan ne ake rubuta jimla ɗaya ta Faransanci ƙarƙashin kowane hoto. Wallahi akwai yarinyar da ba a taɓa jin muryarta a aji ba, ita ce ta miƙe ta ce ai ba a kuka kafin ƙosai ya zube, a gyara jerin.

Mun gwada manhajar tsara hotuna ta Canva a waya, yana da kyau amma yana cin data, ga ɗauke wuta. Bloom, wato manhajar haɗa littattafai, ya fi mana tunda yana aiki a kwamfuta ba intanet, da shi malamai suka haɗa labaran yaran suka zama ƙananan littattafai aka yi fotokwafi. Amma a ganinmu takarda da fensir sun fi duka amfani, aji ya cika maƙil, waya ɗaya ba ta isa.

A Maris azumi ya haɗu da zafi, aikin ya ja baya, bayan Sallah muka ci gaba. Ziyarar marasa lafiya da ta'aziyya an yi su kamar kullum.

Yawancin kuɗin, takarda da tawadar firinta ne suka cinye su, rasit yana wajen ma'aji ga mai son dubawa. Kafin a koma lekol a Satumba muna son horar da malaman CE1, wato aji uku, don Allah waɗanda ake bi bashin kuɗin wata su biya, kuma duk mai tsohon kwali ko kalanda ya kawo, bayansu muke zane.