Godiya ga likitan ido da ya faɗa min gaskiya kan maganin haske

Assalamu alaikum jama'ar Damagaram da kewaye. Godiya ce nake so in miƙa a bainar jama'a ga likitan ido da ma'aikatansa na wani kilinik nan cikin gari, ban kama suna ba don kar a ce talla nake musu, ai su sun san kansu.

Ni tela ne a wajen kasuwar Dole, yini nake idona a kan allura, da dare kuma salula. An daɗe ido na min zafi da ƙaiƙayi, da safe fatar idon a manne, in hunturu ya shigo kuwa sai dai haƙuri. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne hawaye na zuba amma likita ya ce bushewar ido ce. Na ce likita yaya ido mai hawaye zai bushe? Bai yi min dariya ba, kujera ya jawo ya ɗauki biro ya zana min. Ya ce hawaye ba ruwa zalla ba ne, akwai wani siririn mai da ke kwanciya a samansa yana hana shi ƙafewa, kuma man nan daga wasu ƴan ƙananan jakunkuna yake fitowa da ke jere cikin fatar ido, bakinsu na nan daf da gashin ido, kusan 30 zuwa 40 a fatar sama, 20 zuwa 30 a ta ƙasa. In suka toshe sai man ya daskare kamar man shanu a sanyin hunturu, hawayen ya ƙafe da wuri, ido ya ji zafi ya yi ta kwararo ruwan da ba ya zama. Ya ce mafi yawan masu bushewar ido nan matsalarsu take, shi ya sa ɗiga magani kawai ba ya isa.

To ga inda godiyar take. Na je musu ne da maganar wata na'ura da na gani a Facebook, IPL suke ce mata, mai maganin bushewar ido da walƙiyar haske, har na fara tara kuɗin mota don in bi sawunta ko Yamai ko Kano. Likita ya ce na'urar gaskiya ce ba damfara ba. Wani likitan ido a Amurka, Rolando Toyos, shi ya lura a farkon shekarun 2000 cewa masu zuwa a haska musu fuska don ciwon fata sai idonsu ma ya samu sauƙi, kuma a 2021 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da na'urar OptiLight ta kamfanin Lumenis don wannan ciwon. Ana rufe ido da kariya, a shafa wani abu mai sanyi a kumatu, sai a rinƙa walƙa haske mai ƙarfi a ƙasan ido daga wannan gefe zuwa wancan, yana rage kumburi yana ɗumama man, galibi zama 4 ne da tazarar makonni tsakani.

Sai ya kama hannuna ya juya bayansa ya ce amma kai dubi fatarka. Wai sinadarin da ke sa fatarmu baƙi shi ma zuƙar hasken nan yake, don haka mai baƙar fata sosai zai iya ƙonewa ko wurin ya yi fari ko ya yi tabo. Likitocin fata sun kasa launin fata gida 6, waccan amincewar ta Amurka daga gida na 1 zuwa na 4 ta tsaya, mu kuwa yawancinmu a na 5 da na 6 muke. Wallahi duk bidiyon da na kalla babu wanda ya faɗi wannan, kullum fuskar Bature ce a kwance ana haskawa. Ni a ganina wanda ya hana ka kashe kuɗi ka ƙone fuska ya fi wanda ya rage maka farashi.

Abin da suka yi min shi ne wani hasken daban, ja ne mai laushi, abin rufe fuska ne kake sawa ido a rufe kamar minti 15, ɗumi kawai kake ji, ba ya walƙiya kuma bai damu da launin fata ba. Ana cirewa sai likita ya matse bakin fatar idon a hankali, nan fa akwai ɗan ciwo ba zan ɓoye ba, ya nuna min abin da ya fito, fari mai kauri. Kuma bai cika min baki ba, ya ce binciken da aka yi kan jan hasken bai kai na IPL yawa ba, ya ce jakar da ta riga ta mutu ba ta dawowa, lallaɓa sauran ake yi, kuma ciwo ne da ake zama da shi ana kula.

Ya ɗora min aikin gida, tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi a kan ido minti 5 zuwa 10 kullum, in goge bakin fatar, in rinƙa ƙifta ido sosai in ina ɗinki don mai zura wa abu ido mantawa yake da ƙiftawa, in sa tabarau in zan hau kabu-kabu cikin ƙura. Kwalli ma ya ce in rage, don daidai bakin jakunkunan ake zizara shi, hajiyarmu dai har yanzu ba ta yarda da wannan ba. Ya kuma ja kunnena kan maganin ɗigawa na masu talla a faranti, wasu akwai kotizon ciki, yana kwantar da ja nan take amma in an daɗe a kai yana kawo hawan jinin ido da yanar ido.

Alhamdulillahi yanzu ina zura zare ba tare da ido ya cika da ruwa ba, ban warke tas ba amma ina aikina. Na gode likita, na gode wa majo da ke tsara randebu tana kiran mutum in ya manta, da yaron ƙofa da ke tada gurup da gudu in an ɗauke kuran. Allah ya saka da alheri ya ƙara basira. Roƙona ɗaya, a ƙaro benci a rumfar jira, tsofaffi na shan tsayuwa ranar Litinin.

Naku, wani tela daga unguwar Birni, Damagaram.