Ba ko'ina ne aka sauya sutura da son rai ba

Ya mai girma Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na saurari shirinku na tarihi kan yadda sutura da kiɗa suka sauya tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, kuma na ƙaru matuƙa da bayanin matan Paris da suka rage gashi da tsawon riguna. Sai dai an gabatar da sauyin kamar ko'ina jama'a ne suka zaɓe shi da kansu, alhali a Turkiyya doka ce ta kawo shi.

A watan Agusta na 1925, shugaban Turkiyya Mustafa Kamal (Ataturk) ya isa garin Kastamonu sanye da hula mai baki irin ta Turawa, ya kuma gabatar wa jama'a ita a matsayin alamar wayewa. Ranar 25 ga Nuwamba majalisa ta zartar da dokar hula, wadda ta kawar da jar dara, wannan dai da dattawanmu ke sakawa har yau. Jar darar ma wani sarki ne, Mahmud na Biyu, ya ɗora wa ma'aikatan Daular Usmaniyya ta Turkawa a 1829 domin ta maye gurbin rawani, amma da ta shekara kusan ɗari a kan jama'a sai ta zama tasu, musamman da yake ba ta da bakin da zai hana goshi taɓa ƙasa a sujada. Shi ya sa aka yi bore a Erzurum da Rize da Sivas, kuma kotunan musamman suka yanke wa mutane hukuncin kisa, ciki har da malami Atif Hoja na Iskilip da aka rataye a watan Fabrairun 1926. Raina yana ɓaci duk lokacin da na tuna an rasa rayuka saboda abin da ake rufe kai da shi.

Kiɗa ma bai tsira ba. A ƙarshen 1934 aka daina sa kiɗan gargajiyar Usmaniyya a rediyon ƙasar har kusan shekara biyu, aka kuma gayyato Bajamushe masanin kiɗa Paul Hindemith ya taimaka wajen kafa makarantar koyon kiɗa ta Ankara a 1936. Masu akwatin rediyo da yawa sai suka karkata zuwa tashar Alƙahira, inda suke jin sautin da kunnensu ya saba da shi.

Ban musanta cewa akwai Turkawa, musamman a birane, da suka karɓi sabon salon hannu bibbiyu ba. Roƙona shi ne ku ware wa Turkiyya kashi guda a shiri na gaba, ku kuma gayyato masanin tarihi ya yi mana bayanin yadda talakawan Anadolu, wato ɓangaren Turkiyya da ke nahiyar Asiya, suka ɗauki al'amarin.

Naku mai sauraro,
daga Zariya