Ƙadangaruwa ma tana jego

Malam Edita, assalamu alaikum, ya aiki ya jama'a. Na san kuna ganin kan wannan wasiƙar za ku fara dariya, ba komai ku yi abinku, ni ma ranar da na kira yayana a Kano na ce masa mun wuni a asibitin dabbobi saboda ƙadangaruwa shiru ya yi na ɗan lokaci sannan ya ce anya kuwa sanyin Ingila bai fara taɓa ka ba. To ni dai na ce sai na rubuto, don na san akwai iyalanmu da yawa a nan Ingila da Amurka da Jamus da yaransu ke damunsu da a sayo musu wannan dabbar, kuma abun da ya same mu bana so ya sami wani.

Yadda aka yi ta shigo gidana, autata ce ta tasa ni gaba wai duk 'yan ajinsu kowa na da dabba a gida ita kaɗai ce babu. Kare dai ba zai shigo mana ɗaki ba, wannan ba sai an faɗa ba, mage kuma Umman yara ba ta shiri da gashinta, atishawa take ta yi har idonta ya yi ja, shikenan aka tsaya a kan ƙadangare mai gemu. Asalinsa daga tsakiyar Ostareliya ne inda ƙasa take a bushe rana kuma kamar ta dafa mutum, masana suna kiransa Pogona vitticeps, kuma dangi ɗaya suke da jan gwadan nan namu mai gyaɗa kai a kan katanga, in ka kalli fuskarsu ma za ka ga kamar 'yan uwa. Tsawonsa har da wutsiya yana kai rabin mita. Gemun kuma ba gashi ba ne, fatar ƙarƙashin haɓa ce mai ƙayoyi, in ya fusata ko ya tsorata sai ya kumbura ta ta yi baƙi ƙirin. Tun shekarun 1960 Ostareliya ta hana fitar da namun dajinta waje, saboda haka duk wanda ka gani a shago a nan an ƙyanƙyashe shi ne a gidan wani. Yarinya ta raɗa mata suna Gimbiya, ni kuwa da farko ko taɓa ta bana yi.

Shekara biyu lafiya lau. Sai a farkon bazarar bana ta canza, ta daina cin abinci, ta dinga zagaye akwatin gilashinta tana karce kusurwa da farce dare da rana, ƙarar har ɗakinmu muke ji, cikinta kuma ya yi faɗi in ka shafa a hankali sai ka ji ƙullutu ƙullutu kamar an zuba mata goruba ƙanana. Wata safiya auta ta rugo da gudu tana Abba Abba zo ka gani, na je na tarar da ƙwai guda 19 a warwatse bayan dutsen da take kwanciya, 'yan ƙanana masu laushi, ɓawonsu kamar fata ba irin na kaza mai fashewa ba, kalarsu ta ɗan yi rawaya. Umman yara ta riƙe baki ta ce to daga ina, ita da ba ta taɓa ganin namiji ba? Ashe kamar kaza ce, tana yin ƙwai ko babu zakara, sai dai ba zai ƙyanƙyashe ba, kuma a zubi ɗaya tana iya yin 15 zuwa 30. Muka ce alhamdulillahi ta sauka lafiya, muka kwashe ƙwan muka zubar, kowa ya kama gabansa.

Wallahi a nan muka yi kuskure. Mun ɗauka wahala ta wuce, ashe lokacin ta fara.

Ranar farko ta yi laƙwas fatarta ta yamutse kamar rigar da aka wanke ba a goge ba, ƙashin ƙugunta ya fito, wannan an ce dama haka suke yi, kwana ɗaya ko biyu sai su dawo da cin abinci kamar mahaukata. Tamu ba ta dawo ba. Rana ta uku na lura yatsunta na rawa, wani irin karkarwa ƙanana kamar ana ja mata da zare, in ta zo tafiya ƙafafun baya ba sa ɗaga ta sai ja da ciki, gemun ya yi baƙi ya ƙi komawa, ga shi har lokacin tana komawa kusurwa tana ɗan tono tana nishi. Auta ta miƙa mata gyare, abun da a da ko kafin ya sauka ta cafke, ta harbo harshe ta kasa kama shi, ta sake ta kasa, yarinyar ta fashe da kuka ni kuma na ɗauki makullin mota.

Abu na farko da na koya, ba kowane likitan dabbobi ne yake duba irin waɗannan ba, wanda ke kusa da mu ya ce shi karnuka da maguna ya sani, sai da muka yi tafiyar kusan awa ɗaya wajen wata likita da ta ƙware a kan masu jan ciki. Ta ɗora ta a sikeli, ta taɓa muƙamuƙinta ta ce ya fara laushi, ta ɗauki hoton ƙashi ta ɗebi jini. A hoton nan da idona na ga ƙwai biyu sun rage a ciki ba su fito ba, ƙasusuwan kuma maimakon su fito fari tas sai suka fito dishi dishi kamar hayaƙi.

Bayanin da ta yi mana shi ne dalilin wannan wasiƙar. Ta ce ɓawon kowane ƙwai da sinadarin kalsiyam ake yin sa, in babu isasshe a abinci jikin uwar ba ya tsayawa jira, daga ƙashinta yake ɗiba ya zuba wa ƙwai, ka lissafa ƙwai 21 a jikin dabbar da ba ta kai rabin kilo ba. Kuma wannan kalsiyam ɗin shi ne dai jijiyoyi da tsoka suke aiki da shi, in ya yi ƙasa a jini sai karkarwa, sai ƙafa ta mutu, in ya tsananta har farfaɗiya, sannan ita kanta mahaifar ƙwan tsoka ce, ba ta da ƙarfin turo sauran, shi ya sa biyun suka maƙale. Na ce mata ai muna barbaɗa mata garin kalsiyam a kan gyare, sai ta tambaye ni yaushe rabon da mu canza fitila. Na ce wace fitila, ai tana ci ba ta mutu ba. Ta girgiza kai. Ashe doguwar fitilar nan da ake sa musu a akwati wani haske take fitarwa da ake kira UVB, irin wanda ke cikin rana, shi ne fatarsu ke amfani da shi ta haɗa bitamin D3, in babu D3 kuwa ko buhu ka ɗura mata na kalsiyam hanji ba zai tsotsa ba, wucewa zai yi. Ita kuma fitilar tana ci gaba da haske a ido amma UVB ɗin yana ƙarewa, ana canza ta duk wata 6 zuwa 12 gwargwadon irinta. Tamu shekara biyu cur. Na ce ai muna ajiye ta bakin taga tana shan hantsi, ta ce gilashi yana tare UVB, banza ne. Ka ji fa, dabbar da a ƙasarsu rana kyauta ce, mu a gida ma da rana muke faɗa, nan kuma sai ka sayi rana a kwali ka rubuta ranar da za ta lalace.

Kuskure na biyu, ba mu tanadar mata wurin yin ƙwai ba. A daji rami take tonawa ta shige ta zuba ta binne, a gida ana sa mata roba mai zurfin kamar santimita 20 zuwa 30 cike da yashi haɗe da ƙasa mai ɗan danshi yadda in ta tona ramin ba zai rufta ba. In ba ta samu ba sai ta yi ta riƙe ƙwan, duk karce karcen nan da ya hana mu barci roƙo take yi mu ba mu gane ba.

Aka yi mata allurar kalsiyam da ruwa a ƙarƙashin fata, bayan nan aka yi mata ta naƙuda, oksitosin, irin dai wadda ake yi wa mata, amma likitar ta ce sai da ta tabbatar a hoto cewa ba wani abu ne ya toshe hanya ba, don in a toshe take allurar na iya fasa ta. Allah Ya taimaka kafin dare ƙwai biyun suka fito. Da ba su fito ba sai tiyata, a cire ƙwan har da mahaifar gaba ɗaya. Ta kuma ja min kunne a kan abubuwa biyu, kar a kuskura a matsa cikinta wai a taimaka mata, ƙwai in ya fashe a ciki kwanduwar na ruɓar da ciki kuma yana kisa, sannan in aka ga wani jan nama ya leƙo ta duburarta saboda yawan nishi kar a tura shi da yatsa, a rufe da tsumma mai tsabta mai danshi kar ya bushe a kawo ta a ranar.

Da muka dawo gida Umman yara ce ta faɗi maganar da ta fi ta likita shiga kaina, ta ce to ai jego za a yi mata. Kuma haka aka yi. Mu da muka san kunun kanwa da gasasshen nama da ruwan zafi na kwana arba'in, mun san wanda ya sauke nauyi ba a barinsa haka nan, amma ko kaɗan ba mu kawo wa dabba wannan ba. Sabuwar fitila, na rubuta kwanan wata a jikinta da maka. Wurin shan ɗuminta na auna da ma'auni na mayar da shi digiri 38 zuwa 42 a ma'aunin Celsius kamar yadda ƙungiyar kare dabbobi ta RSPCA ke cewa, ɗaya gefen kuma da sanyi sanyi don ta samu wurin gudu, saboda in jikinsu bai ɗumama ba abinci ba ya narkewa. Kullum da safe auta na ɗiga mata maganin kalsiyam na ruwa a kan leɓe da sirinji, ɗigo ɗigo tana lasa, ba a ɗura mata don kar ta shaƙe. Fara da gyare ana barbaɗe su da gari fari fat kamar sun faɗa buhun fulawa, ga ganye, amma ban da alayyafo da yawa don yana ɗaure kalsiyam ya hana shi shiga jiki. Sai wanka a ruwa mai ɗumi marar zurfi, nan ne ma take sha. Duk wanda ya taɓa ta kuma sai ya wanke hannu da sabulu, suna ɗauke da ƙwayar cutar salmonela, wannan doka ce a gidana tun ranar farko.

Da na ba yayan nawa labari dalla dalla, shi da yake kiwon kajin ƙwai, sai dariyar ta tsaya, ya ce ai wannan shi ne abun da ke samun kajinsa in abinci ya yi ƙarancin garin ƙashi, ƙwai ya fito ba ɓawo, kaza ta gurfana ta kasa tashi, wata ƙwan ya maƙale mata. Na ce yawwa Yaya, ciwo ɗaya ne riga ce daban.

Wanda nake jin haushinsa shi ne mai shagon da ya sayar mana, ya haɗa mu da akwati da fitila da kwanon ruwa ya karɓi kuɗinsa, bai ce mana mace ce za ta iya yin ƙwai ita kaɗai ba, bai ce fitila na tsufa ba, kawai cewa ya yi ai dabba ce mai sauƙi ko yaro zai iya. Ba ta da sauƙi. Shekara 10 har fiye suke yi a raye, kuɗin asibitin ranar nan kaɗai ya ninka kuɗin da muka saye ta, kuma dokar kula da dabbobi ta 2006 a nan Ingila ta ɗora wa mai dabba alhakin nema mata magani, ballantana mu da muka taso muna jin hadisin matar da ta kulle mage. Amma dai nima da laifina, waya na hannuna kullum ina kallon ƙwallo, minti goma da na karanta da ba a kai nan ba.

Yanzu sati shida ke nan, ta mayar da jikinta, tana tsayawa a kan ƙafa huɗu tana kama gyare tun yana sama, sai dai ɗan karkacewa da ya rage a muƙamuƙi wanda likita ta ce ƙila ya zauna ke nan. Ta kuma gargaɗe mu cewa a shekara ɗaya suna iya yin zubi biyu, uku har fiye, tsakaninsu wata ɗaya ko sama da haka kaɗan. Daren jiya ina kwance na fara jin karce karce daga falo, Umman yara ta taɓa ni ta ce ka ji mai jegonka. Robar yashi na nan a shirye tun makon jiya, yanzu ma da na gama rubutun nan zan je in yayyafa mata ruwa.

Naku mai karatu,
daga Birmingham, Ingila