Darajar faifan garmaho ba a sautinsa take ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini in tofa albarkacin bakina kan wata muhawara da ta dawo sabuwa, wato ko faifan garmaho yana da sauran amfani yanzu da kowa ke sauraron waƙa a waya. Sana'ata gyaran rediyo da garmaho da rakoda, tun ina saurayi har furfura ta fito, saboda haka abin da zan faɗa a kan teburin aiki na koye shi.

Masu kawo mini tsohon garmaho a 'yan shekarun nan yawancinsu matasa ne, kuma bakinsu ɗaya: wai sun ji an ce sautin faifai ya fi na waya rai, shi ne na asali. Ina gyara musu da zuciya ɗaya, amma nakan gaya musu ido da ido cewa wannan magana ba haka take ba.

Faifai roba ce da aka tsaga wa siririyar hanya guda ɗaya tak a kowace fuska, tana nannaɗewa daga baki zuwa tsakiya. Allura na bin hanyar tana karkarwa, karkarwar ta zama lantarki, lantarkin ya zama sauti. Duk abin da allura ta taras a hanya sai ta kai ƙararsa kunne, ko ƙura ce ko karce. Babban faifan da kamfanin Columbia ya fito da shi a 1948 yana juyawa sau 33 da sulusi a minti, kuma gudunsa ɗaya ne daga farko har ƙarshe. Amma da'irar ƙanƙancewa take yi, ta yadda a kusa da tsakiya tafiyar da allura ke yi a zagaye guda ba ta kai rabin ta bakin faifai ba. Dole a cusa sautin a ƙaramin wuri, shi ya sa waƙar ƙarshe kan fito da ɗan shaƙewa, shi ya sa kuma masu yankan faifai suka saba ajiye waƙa mai sanyi a nan. Amon ganga mai kauri ma rage shi ake yi lokacin yanka don kada allura ta yi tsalle, sai amfilifaya ta mayar da shi lokacin sauraro. Duk dabaru ne na kauce wa raunin roba da allura, kuma ina jinjina wa waɗanda suka ƙirƙiro su, amma raunin yana nan.

Faifan CD da Sony da Philips suka fitar a 1982 yana auna sauti sau 44,100 a daƙiƙa ɗaya, abin da ya wadatar da duk abin da kunnen ɗan Adam ke iya ji. Ba ya cinyewa don an saurara, sauraro na dubu daidai yake da na farko. Wasu manhajojin sauraro ta intanet sukan matse waƙa don rage cin data, amma da dama daga cikinsu yanzu suna ba da sauti daidai da na CD. A 2022 ma an yi wani abu da ya kamata ya kashe bakin gardamar. Kamfanin Mobile Fidelity na Amurka, wanda masu tsananin son faifai ke sayen kayansa da tsada, ya amsa cewa ya shafe shekaru yana bi da waƙoƙin ta na'urar dijital kafin ya yanka su. Duk tsawon lokacin masu manyan lasifikoki suna ta yabon waɗannan fayafayai, kunne bai tona asirin ba sai da aka faɗa da baki.

Na san akwai faifan da za ka saurara ka ji ya fi kwafinsa na dijital daɗi, ni ma ina da irinsu. Dalilin yana hannun wanda ya tace sautin. Tun daga shekarun 1990 kamfanoni suka shiga gasar ƙara, kowa na son waƙarsa ta fi ta wani tashi, aka riƙa danne sauti har sassauƙan wuri da mai ƙarfi suka zama kai ɗaya, kunne ya gaji da wuri. Roba ba ta jure irin wannan danniya, sai a yi wa faifai tacewa mai sauƙi. Da an yi wa CD irin wannan adalci, da ya fi.

To me ya sa duk da haka nake cewa kada a raina faifai?

Ba don kasuwarsa ta farfaɗo ba, ko da yake ta farfaɗo. A Amurka a 2022 an sayar da fayafayan garmaho kimanin miliyan 41, na CD kuwa miliyan 33, karo na farko da garmaho ya wuce gaba tun 1987. Sai dai a shekarar sauraro ta intanet ce ta kawo kashi 84 cikin 100 na kuɗin da masana'antar waƙa ta samu a can. Babu wanda zai juya wannan, kuma ban ga dalilin juya shi ba. Yaron da ke iya jin kiɗan kowace nahiya a wayarsa ya samu abin da mu ba mu taɓa mafarki ba, ina taya shi murna.

Dalilina shi ne mallaka. Mai biyan kuɗin wata ɗan haya ne, ranar da ya kasa biya ko mai gida ya sauya shawara sai ya kwashe ya fita. Waƙa kan ɓace daga manhaja don yarjejeniya ta ƙare, ko an samu saɓani tsakanin kamfani da mawaƙi, ko magada suna shari'a, kuma babu mai neman izinin wanda ya saba jin ta. Ajiyar manyan kamfanoni ma ba abin dogaro ba ce ɗari bisa ɗari. A 2019 dandalin sada zumunta na MySpace ya sanar da cewa waƙoƙin da mutane suka ɗora masa cikin kimanin shekara 12 sun salwanta wajen sauya ma'ajiya, an ƙiyasta sun kai miliyan 50. A 2008 gobara ta cinye wani ɗakin ajiya a harabar kamfanin fina-finai na Universal da ke Kalifoniya, tare da tarin kaset na asali waɗanda daga jikinsu ake buga kwafi. Faifan da aka buga a shekarun 1930 kuwa, in bai fashe ba, yau ma zai yi magana, a garmaho mai wani da hannu ko lantarki ba ya nema.

Nan ne abin ke ci mini rai, Malam Edita. Waƙoƙin da suka yi suna a duniya ba su cikin haɗari, an kwafe su ta ko'ina. Waɗanda nake jiye wa tsoro su ne na ƙananan kamfanoni da suka buga 'yan ɗaruruwan kwafi suka rufe, mai kamfanin ya rasu, kaset na asali ya bi shanun sarki. Irin waɗannan ba ka samunsu a kowace manhaja, don babu mai sauran haƙƙi ko sha'awar ɗora su. Faifan da ke cikin akwatin wani marigayi yana iya zama kwafi na ƙarshe da ya rage na muryar wani mawaƙi, ko wani jawabi, ko wani salon kiɗa da babu mai yinsa kuma. Na sha ganin magada sun zubar da su da tarkace, na ga an huda su an yi agogon bango, na ga yara suna wurgi da su. Duk wanda ya fashe a cikinsu, shi ke nan.

Don haka ga roƙona ga mai irin wannan gado. A jera su a tsaye, kada a kwantar da su a ɗora wani kan wani. A nisanta su da rana da zafi, domin roba lanƙwasawa take yi, kuma wanda ya lanƙwashe da wuya ya miƙe. A riƙe su ta baki, a share da ƙyalle mai laushi ana bin zagayen hanyar. Tsofaffin nan masu nauyi masu juyawa sau 78 a minti ba roba ba ce, wani irin ƙaro ne, sinadarin sifirit narkar da su yake yi, kuma allurarsu daban ce, ta fi kauri. Kada a ɗora musu allurar da ta cinye, ta lu'ulu'u ma bayan awa 500 zuwa 1,000 tana son canji. Ƙananan garmahon nan masu araha masu kama da jakar hannu suna danna allura da nauyin da ya ninka na garmaho mai kyau, kada a ba su faifan da ba shi da na biyu. Sannan a kwafe shi a kwamfuta, a rubuta duk abin da ke jikin takardar tsakiya, sunan mawaƙi da kamfani da lambar faifan. Dijital ɗin da ake cewa kishiyar faifai ce, ita ce za ta cece shi.

Sabon faifai kuwa, ra'ayina ya rabu. Wanda ya saya daga hannun ƙaramin mawaƙi ya taimake shi ƙwarai, tunda Spotify, kamfanin sauraron waƙa ta intanet, tara kuɗi yake yi ya raba gwargwadon yawan sauraro, kuma tun 2024 waƙar da ba a saurara sau 1,000 a shekara ba ba ta samun ko sisi. Akwai kuma natsuwar zama a ji fuska guda ta minti 20 ba tare da yatsa na tsallake waƙa ba, wannan ma ina ganin ƙimarta. Amma matashin da kuɗinsa kaɗan ne, wanda zai sayi faifan waƙar da tun farko a kwamfuta aka naɗe ta, shawarata ya sayi lasifika mai kyau, ya sayi waƙar kai tsaye daga mawaƙin ya sauke ta ya adana. Zai fi jin daɗi, mawaƙin ma ya samu.

Ina roƙon jaridarka ta tura wakili tsofaffin gidajen rediyo da ɗakunan karatu da jami'o'i, ya tambaye su fayafayai nawa ke ɗakunan ajiyarsu, a wane hali suke, nawa aka kwafe, kuma wa ke riƙe da makullin. In an buga amsoshin, mu masu gyara da muka rage a shirye muke mu zo da allura da kayan aikinmu.

Naka,
Wani tsohon mai gyaran rediyo da garmaho